Motar da Take Ja Dama

Ni na goyi ƙanina, don haka ba wanda zai ba ni labarin halinsa. Innarmu tana surfe, ni ina fama da shi a baya, kuma tun a zanin goyo taurin kai gare shi. Ya girma ya zama direba, ya yi ta tuƙa motocin mutane har Allah ya ba shi tasa, wata farar bas da yake lodi da ita daga Kazaure zuwa Babura, ranar kasuwa kuma ya leƙa Roni ko Gwiwa. Ni kuwa tun da na bar koyarwa a firamare na koma man gyaɗa da ƙuliƙuli, kuma duk buhun gyaɗar da ya shigo gidana a motarsa ya zo. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, ita ma da ƙofa a jikinta.

Wata safiya da rani ya sunkuya zai ɗauki buta, butar ta suɓuce, shi ma ya bi ta. Ɓarin jikinsa na dama ne ya saki. Aka kwana biyu a asibiti, aka dawo da shi gida a kwance. Da yake da sauran shan ruwansa, bakin da ya karkace ya koma daidai, ƙafa ta fara taka ƙasa, har ya koma zuwa masallaci ba sanda. Hannun ma, in ka gan shi yana cin tuwo, sai ka rantse ba abin da ya taɓa samun sa. Shugabannin tasha suka zo dubiya, suka ce masa layinsa yana nan, duk ranar da ya ji ƙarfi ya fito ya yi lodi. Da na ji wannan magana sai da gabana ya faɗi, don na san wanda suka gaya wa.

Tsorona biyu ne, ba na ɓoyewa. In ya koma kan sitiyari da hannun da bai gama warkewa ba, mota ce cike da 'ya'yan mutane, hanyar Babura kuma ga shanu ga 'yan acaɓa. In kuma bai koma ba, na san shi, zai zauna a ƙofar gida yana kallon motar a lulluɓe har baƙin ciki ya ƙarasa abin da ciwon ya fara. Mutum ne da ko ranar Sallah sai ya tayar da injin ya saurare shi kafin ya tafi idi.

Likita ya ce a riƙa motsa yatsun, ya ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya dinga matsawa. Ba a jima ba na tsince ta a turken awakina. Na kai masa ina faɗa, ya ce shi ba jariri ba ne.

Akwai wani amininsa, mutumin Filato, mai gyaran rediyo da waya a bakin tasha, ya daɗe a Kazaure har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Injiniya kowa yake ce masa. Wata Lahadi bayan ya taso daga coci sai ga shi da kwali ɗaure a bayan babur. Wai wani ɗan'uwansa ne ya kawo masa tsaraba daga waje, shi kuma ya ga abin ya fi dacewa da mai jinya.

Ina tsakar gida ina tuyar ƙuli na ji wata ƙara siririya kamar ta injin aski. Na leƙa ta ƙofar katanga, abin da na gani sai da na saki matsamin da ke hannuna. Ƙanina, mai furfura a gemu, mai jikoki, yana tsugune a ƙasa, ga wata 'yar mota da ba ta fi kamu guda ba tana hawa kan duwatsun murhun matarsa. Tayoyinta manya ne, masu laushi. A hankali take tafiya, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan dutse, ta lanƙwashe, ta jawo sauran.

Na ce, "Kai, ciwon ya taɓa kan ne ba a gaya mana ba?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Yaya, wannan ba motar yara ba ce. Komai na mota akwai a jikinta. Don hawan dutse aka yi ta."

"Allah ya kyauta. Girma ya faɗi."

Injiniya ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai magani ne. Kin ga yatsun suna ta aiki, ba wanda ya tilasta shi."

Nan dai ya fi ni gaskiya. Rimot ɗin da ake tuƙa ta da shi hannu biyu yake ci. Na hagu ya riƙe mariƙin, yatsa ɗaya yana jan wani ɗan harshe, shi ne totur. Na dama kuma yana kan wani ɗan sitiyari da bai fi bakin kofin shayi ba. Wato hannun da ya yi ciwo shi ne mai juya motar. Tun daga ranar, da ya karya kumallo sai ya ɗauko ta. Ta hau turmi a kife, ta hau dakalin ƙofar ɗaki, ta bi tsakanin tukwane ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ya koma cin abinci sosai, ya koma tsokanar matarsa. Na ce a raina, in haukan nan ne zai dawo min da ɗan'uwana, a bar shi.

Ashe da abin da yake nufi. Wata rana ina zaune a gidansa ya ce, "Yaya, kin san dutsen bayan unguwa, inda kuke shanya? Ranar da na hau da motar nan har samansa ta miƙe ba ta karkace ba, hannuna ya warke ke nan. Washegari zan yi lodi."

Na ce, "Yanzu rayukan mutane za ka ɗora a kan abin wasa?"

Ya ce, "Wanda ya iya sarrafa wannan a kan dutse, bas a kan kwalta me ce?"

Na dai ga gara gwajin da babu, don ba don shi ba da tuni ya yaye tamfol ya kama hanya.

Dutsen falale ne mai gangara, ƙasansa da sauƙi, tsakiyarsa kuma a miƙe take sosai, ta gefen dama akwai wata tsaga mai zurfin tafin hannu. Da hantsi yake zuwa, lokacin da yara suke makaranta. Ranar farko na bi shi da kujerata 'yar tsugune. Motar ta fara hawa lafiya lau. Tana isa tsakiya, inda hawan ya yi tsanani, sai ƙafafun gaba suka karkata dama, ta gangara cikin tsagar ta kife, tayoyi suna juyawa a sama. Ya je ya ɗauko ta ya sake. Haka ta yi. Ya sake har rana ta kore mu, kullum a wuri ɗaya take ja dama.

A gida ya kifa ta a kan tabarma ya nuna min. Tsakanin ƙafafun gaba akwai wata 'yar sanda da ta haɗa su, ita ce take tura su dama ko hagu in ɗan baƙin akwatin da ke cikin motar ya ji umarnin rimot. Ta roba ce. Ya kwance ta ya lanƙwasa a gabana da yatsu.

Ya ce, "Kin ga ɓarauniyar. A fili ba ta nuna halinta, sai nauyi ya hau kanta. Wa ya taɓa ganin sandar sitiyari ta roba?"

Injiniya da ya zo da yamma ya buɗe wayarsa ya nuna mana masu irin wannan mota a wasu ƙasashe. Na ɗauka yara zan gani. Ashe ƙatti ne, wani har da sanƙo, sun durƙusa a cikin duwatsu suna bayani fuska a murtuke kamar masu raba gado. Injiniya yana fassara mana: su ma sun ce ta roba takan lanƙwashe a kan hawa, sai a canza ta da ta alminiyam, ƙarfen nan marar nauyi da mu dalma muke ce masa in tukunya ce. Kuma ba iri ɗaya ba ne, kamfanoni barkatai kowa da tasa. Na riƙe baki. Wato a duniyar nan akwai mutanen da suke tashi da safe su yi wanka su tafi aiki, aikin nasu kuma ƙera sandar sitiyarin motar wasa ne.

Ta farko shuɗiya ce. Injiniya ya yi odarta ta waya, wani direba ya taho da ita daga Kano a cikin leda ƙarama kamar ta gishirin koko. Da aka zazzage ta a tafin hannuna ban san sa'ad da na ce "ikon Allah" ba. Ba ta fi tsinken tsire tsawo ba, tana sheƙi, ga rubutu ƙanana a jikinta, in ka rufe ido ba ka san kana riƙe da komai ba. Aka ɗaura, aka tafi dutse. Ta hau, ta isa tsakiya, ta ja dama, ta kife. Ƙanina ya kama taya ya girgiza, ya ce kawunan sandar sako-sako suke, akwai wasa a cikinsu. Ya ce kyan ɗan maciji ne da ita, a nemo wata.

Ta biyu ja ce, ta fi kauri, ta fi nauyi, kuma kawunanta da zare, ana murɗawa a ƙara mata tsawo ko a rage. Wannan ta burge shi ƙwarai, ya ce ga wadda masu hankali suka ƙera, irin ta babbar mota sak. Ya yini yana saita ta. Ya karɓi zaren ɗinki wajen matarsa ya ja daga tayar baya zuwa ta gaba, yadda suke yi a gareji, ya murɗa, ya kanne ido ɗaya, ya sake murɗawa. A tsakar gida ta tafi ɗoɗar. A kan dutse kuwa, wuri ɗaya, ta ja dama. Sai ya ce ta cika tauri, tana cijewa in ƙafa ɗaya ta ɗaga.

Zuwa lokacin labari ya kai tasha. Tsofaffin direbobi da suka ajiye aiki suka mai da gindin dutsen majalisa, da tabarminsu da goronsu. Har da tsohon ubangidan ƙanina, wanda ya koya masa mota tun yana yaro, dattijo ne da ko ni Baba nake ce masa. Kullum a daman ƙanin nawa yake zama. Ni in na samu sarari nakan zauna can baya ta hagu, ina kallon motar kamar yadda shi ma yake kallonta.

Ban taɓa jin musu irin nasu ba. Wasu suka ce shuɗiya ce gaba, don ba ta da nauyi, ba ta wahalar da ɗan akwatin. Wasu suka ce ja, don nauyi a gaba alheri ne a kan hawa, yana danne hancin mota kada ta ɗaga. Wani ya ce duk a yi hattara, roba takan ba da kai in taya ta maƙale, ƙarfe kuwa ba ya ba da kai, sai haƙoran da ke cikin akwatin su karye. Aka yi masa ca. Ana miƙa sandunan daga hannu zuwa hannu, ana auna su a tafi, ana ƙwanƙwasa su a dutse a ji ƙararsu, wani har cizawa ya yi. Rimot kuwa ba wanda ya taɓa, don direba ba ya ba da aron sitiyarinsa, su ma ba su tambaya ba. Baba dai ba ya cewa komai sai, "A ƙara gwadawa. Ba gaggawa."

Sai ƙanina ya yanke cewa duk na kamfani yaudara ce, a yi masa ta gida, gunduma guda ba haɗi. Ranar da zan kai man gyaɗa Babura ya ƙulle jar sandar a hankici ya ba ni, wai in kai wa masu zubin tukwanen dalma su fitar da irinta, amma su ƙara mata kauri. Na ce ba za ni ba. Ya ce, "Haba Yaya." Na tafi.

Maƙerin da na samu yana zaune a cikin hayaƙi, ga tukwane da ludaya jere a gabansa. Na kwance hankicin. Ya juya abin a hannunsa ya ce, "Hajiya, na kitso ne ko na sakace?"

Na ce, "Sandar sitiyari ce."

Ya dube ni, ya dubi sandar. "Ta wace mota?"

"Malam, za ka yi ko in ƙara gaba?"

Ya danna ta a cikin danshin yashi a wani ɗan akwatin katako, ya ɗan buɗa gurbin da tsinke, ya narka gwangwanaye da wani tsohon murfi ya zuba. Maƙwabtansa duk sun bar aikinsu sun zagaye mu, har da wasu 'yan Nijar da suka zo sarin tukwane, ɗayansu yana tambaya ko a can za ta samu kasuwa. Ni dai na ja mayafi na rufe rabin fuska. Abin da ya fito fari ne, mai kaushi, kamar mariƙin cokalin da ya karye. Injiniya ne ya goge shi ya huda masa ramuka.

Kafin nan an fara cirar gyaɗa. Gari ya ɗauki ƙanshin sabuwar harawa, motoci suna ta shigowa daga Roni da Gwiwa a danƙare, ƙanina yana zaune a ƙofar gida yana bin su da ido. Wata safiya na fito na ga an yaye tamfol, an wanke bas, an ɗaura batir.

Na ce, "Ina alkawarin dutse?"

Ya ce, "Gobe zan gwada su duka ukun a jere. In sun ƙi, to laifin masu ƙira ne, ba zan zauna kaka ta wuce ni saboda abin wasa ba. Jibi lodi."

"Yau kuma abin wasa ta zama?"

Ya shige gida ya bar ni tsaye.

Washegari na ajiye aikina na bi shi. Majalisa ta cika, Injiniya ma ya rufe shago ya zo da 'yan sukundirebobinsa, shi ne mai kwancewa da ɗaurawa. Aka sa shuɗiya, ta ja dama. Aka sa ja, ta ja dama. Aka sa ta Babura, wadda ko guduma ba za ta lanƙwasa ba, motar ta hau da nishi, ta isa tsakiya, ta juya hanci ta faɗa tsaga.

Ƙanina ya share gumi ya ce, "Akwai abin da ban gani ba. A gareji in mota tana wannan, ƙarƙashinta ake shiga a kwanta, wani ya riƙe sitiyari, kai kana kallon ƙarafan. Daga nesa nake kallo shi ya sa."

Ya dubi mutanen da ke zaune ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ku duk direbobi ne, hannunku zai gyara mata tafiya ba ku sani ba. Wanda bai san komai ba nake so. Yaya, zo."

Na ce, "Na gode da yabo."

Injiniya ya yi saurin cewa, "Oga, rana ta yi zafi, batir ma ya yi ƙasa. A bari sai gobe mana." Baba ma ya ce, "A bari ɗin." Na yi mamakin yadda suka haɗa baki, amma ƙanina ya riga ya danƙa min rimot.

Ya ce, "Ki ja wannan harshen a hankali, kar ki saki. Sitiyarin kuma ki ɗora yatsu kawai, kar ki juya."

Ya hau dutsen da rarrafe, ya kwanta rubda ciki a tsakiya, daidai inda take karkacewa, kuncinsa a kan dutse. Ni kuwa ban taɓa tuƙa ko keke ba. Na ja harshen. Motar ta motsa, ta kama hawa. Ta isa tsakiya, ta wuce ta gaban hancinsa, ta ci gaba. Ba ta karkata ko'ina ba har ta kai saman dutsen ta tsaya a kan shanyar kuɓewar wata maƙwabciyata.

Da farko dariya ce ta zo min. Na juya zan yi wa mutanen tsiya, sai na ga duk sun sunkuyar da kai, wani yana tonon ƙasa da tsinke. Dariyar ta maƙale.

Ƙanina ya sauko da motar a rungume. Murya ƙasa-ƙasa ya ce wa Injiniya, "Sa ja." Aka sa, na ja, ta hau ɗoɗar. Ya ce a sa shuɗiya mai sako-sako. Ta hau, tana ɗan rangaji, amma ta kai. Ya laluba aljihu ya fito da tsohuwar ta roba, wadda ya kira ɓarauniya. Ita ma ta kai har sama.

Ya miƙo hannu na ba shi rimot. Ya ajiye motar a gindin dutse ya ja totur, amma wannan karon bai kalli motar ba, hannunsa na dama ya zuba wa ido. Ni ma na zagayo damansa, inda Baba yake zama. Da farko yatsun suna kwance lafiya. Da ƙarar motar ta canza, alamar ta kama wurin mai wuya, sai na ga kafaɗarsa ta ɗaure, yatsun suka fara naɗewa ciki da kansu, a hankali, suna jan ɗan sitiyarin. A fili abin yake, ko makaho ya shafa zai ji. Can sama muka ji motar ta kife.

Ya ce, "Wallahi ban ji ba. Ina gani yana yi, amma ban ji ba."

Na juya kan Baba, na manta da girmansa. Na ce, "Baba, a nan kake zama kullum. Ka gani?"

Ya ce, "Na gani, 'yata."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na fara zuwa."

Na dubi Injiniya, ya kau da kai. Na dubi sauran, babu wanda ya musa. Ashe duk musun nan na shuɗiya da ja, da ƙwanƙwasawa da cizawa, da aika ni Babura in zama abin kallo, kowa ya san sanda ba ta da laifi. Kara suke yi masa. Wa zai dubi idon mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan sitiyari ya ce masa hannunka ya mutu?

Na ce, "To gobe fa? Da ya yi lodi, sai ku tsaya a tasha ku ce masa Allah ya kiyaye hanya?"

Baba ya ce, "Muna ta jan lokaci ne, ko Allah zai sa hannun ya saki, ko shi ya gane da kansa. Da goben ta zo, da na shiga gaban motar na tsaya."

"Da ka gaya masa ai ya fi sauƙi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba."

Ya ce, "Ni na ɗora hannun nan a kan sitiyari. Bakina ya kasa."

Na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na ƙyale shi. Raina dai a ɓace yake, kuma har yau in na tuna sai ya sake ɓaci. Ƙanina ya juya mana baya. Ya hau ya ɗauko motar, ya kakkaɓe ta, ya yi gaba, na bi shi da kujerata.

Ranar lodi tun da sassafe na ji an tayar da bas. Na fito ko takalmi ban sa daidai ba. Na samu ƙanina tsaye a gefe da wankakkun kaya, wani magidanci kuma yana kan kujerar direba, mutumin da ya taɓa yi masa kwandasta shekarun baya kafin ya samu lasin. Ashe tun jiya ya aika aka kira shi. Na jingina da katanga ina kallo.

Yana ta ba shi amana ta taga: ga inda take shan mai, ga yadda ake lallaɓa giya ta biyu. Sai na ji ya ce, "Kuma ka kula, in ka zo wuce babbar mota ko ka kama hanya mai ramuka, tana ja dama. Na canza mata taya, na canza sandunan ƙasa, na kai ta saiti har Kano, ba ta daina ba."

Mutumin ya ce, "Tun yaushe take yi, Oga?"

"Tun kakar bara, kafin in kwanta..."

Bai ƙarasa ba. Na ga fuskarsa ta canza. Ya daɗe yana riƙe da ƙofar motar, sannan ya ce, "Tafi kawai. In ka dawo ka same ni."

Yinin nan bai ci komai ba, bai shiga gida ba. Bayan la'asar bas ta dawo daga Babura. Direban ya fito ya durƙusa ya gaishe shi, ya gaishe ni.

Ƙanina ya ce, "Ta ja?"

Mutumin ya sosa ƙeya. "E to, Oga, ka san tsohuwar mota, wani lokacin takan ɗan..."

"Don girman Allah kar ka yi min kara. Na ƙoshi da ita."

Sai mutumin ya ce, "Ba ta ja, Oga. Na wuce manyan motoci, na bi ramuka, har sakin hannu na yi a miƙaƙƙiyar hanya. Ƙalau take."

Ƙanina ya gyaɗa kai, ya sallame shi. Muka zauna a kan dakali mu biyu. Can ya ce, "Yaya, daga kaka har rani ina ɗauke da mutane. Mata da goyo. 'Yan makaranta."

Duk kasuwar Gwiwa ta kakar bara ni ce a kujerar gaba kusa da shi, buhunana a baya, kuma da mun bar gari nake yin barci, don a duniya ba direban da na yarda da shi kamarsa.